Idon PlayStation 2 Ya Mutu? Ga Yadda Kati Ɗaya Zai Tashe Ta

A shagunan masu gyaran kayan lantarki da ƙarƙashin gadajen samari akwai PlayStation 2 masu yawa da aka jingine saboda dalili ɗaya: ido ya daina karanta faifai. Ka saka faifan ƙwallo, ta yi ta ƙugi tana juyi, can sai ta rubuto maka Disc Read Error. Galibi sauran kayan cikinta lafiyarsu ƙalau. Kamfanin Sony ya fito da ita a Japan ranar 4 ga Maris 2000, ya sayar da fiye da miliyan 155 kafin ya daina ƙera ta wajen ƙarshen 2012. Shi ya sa har yau ba ta yanke a kasuwar gwanjo ba, kuma a unguwanninmu akwai gidajen gem da har gobe da ita suke cin abinci.

Abin da ya tsawaita mata kwana shi ne manhajojin 'yan sa-kai, wato waɗanda masu sha'awa suka rubuta da kansu suka sake su kyauta, ba da hannun Sony ba. Da su na'urar za ta ɗauko wasa daga filash ko rumbun ajiya, ta kunna fim da sauti, ta kwaikwayi tsofaffin na'urorin Nintendo da Sega, har ma ta tashi da Linux kamar kwamfuta. Ƙofar shiga duk wannan ita ce ƙaramin katin ajiyar nan na megabait 8 da ake sokawa a saman ramin hannu. Ba sai an kwance na'ura ba, ba kuma sai an kusance ta da dalma ba.

Me ya sa kati ke iya wannan aiki

PS2 na farko-farko da aka sayar a Japan ba su zo da manhajar kallon DVD a cikinsu ba. Daga faifai ake ɗora ta a kan kati, na'urar kuma ta ɗauko ta daga can. Don haka Sony ya tsara cewa duk lokacin da aka kunna PS2, sai ta fara leƙa katin ta ga ko akwai sabuntawar da aka ajiye mata. Idan ta samu, ita za ta bi, ta bar wadda aka ƙera ta da ita. Manhajar Free McBoot, wadda aka fi sani da FMCB, ta wannan kafa take shiga: tana zama a kan katin da siffar sabuntawar Sony, na'urar ta karɓe ta hannu bibbiyu. Ka zare katin, PS2 ta koma yadda ta fito daga kamfani.

Akwai abu ɗaya a nan da ke ɓata wa mutane lokaci. Katunan suna da tsarin tsaro mai suna MagicGate, kuma yayin ɗora FMCB ana ɗaure babban fayil ɗinta ne da lambar wannan katin shi kaɗai. Ko ka kwafe duk abin da ke kan katin abokinka zuwa naka, ba zai tashi ba. Dole sai an bi ta manhajar ɗorawa, da katin a soke.

Juya na'urar ka karanta takardar da ke jikinta

Kafin ka sayi komai, duba lambar da ta fara da SCPH. Masu kaurin nan na farko su ne jerin 10000 zuwa 50000. Sirara sun fara daga 70000 a 2004, suka ƙare da 90000. FMCB tana aiki a kusan dukkansu, sai dai 'yan autan jerin 90000, inda Sony ya toshe kafar. Za ka gane su da lambar kwanan ƙira a takardar: lamba ɗaya da harafi ɗaya, lambar tana nufin shekara, harafin yana nufin rubu'in shekara. Mai 8A da 8B lafiya lau. Mai 8C, wato tsakiyar 2008, wata ta karɓa wata ta ƙi. Daga 8D zuwa sama kada ka wahalar da kanka. Waɗannan sai da OpenTuna ko Fortuna, su ma a kan kati suke zama, amma ba sa tashi da kansu: sai ka shiga Browser, ka buɗe katin, ka koma baya, sannan su kama.

Lambobi biyu na ƙarshe suna faɗa maka ƙasar da aka yi wa na'urar: 00 Japan, 01 Amurka, 03 Ingila, 04 sauran Turai. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mai kauri 'yar Japan wutar bolt 100 take ci, 'yar Amurka 120, tamu kuwa a Nijeriya da Nijar ta haura 200. Ka jona ta kai tsaye a bango, ƙara ɗaya za ka ji da ƙaurin hayaƙi. Sai da taransifoma mai rage wuta. Sirara na jerin 70000 da adafta suke zuwa mai fitar da bolt 8.5, a karanta jikin adaftar a tabbatar an rubuta 100 zuwa 240. Haka kuma idan 'yar Amurka ko Japan ce ka haɗa da tsohuwar talabijin ɗin gida, kana iya ganin hoto baƙi da fari, domin tsarin launinsu NTSC ne, na Nijeriya kuwa PAL. Ba lalacewa ta yi ba.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: kati, filash, da kwamfutar da za ka sauke fayiloli. A kan katin ne nake roƙonka kada ka yi rowa. Nemi na Sony na asali mai megabait 8, ko da tsoho ne ya sha hannu. Waɗannan da ake rubuta wa 64 ko 128 a jiki suna ruɗar ido, amma da yawansu ba su da MagicGate na kirki, wasu kuma suna aiki wata biyu su watsar da komai. Filash ɗin a goge shi a kwamfuta da tsarin FAT32, rabonsa kuma ya zama MBR, don tsofaffin manhajojin PS2 shi suka sani.

Yadda za ka fara shiga

Matsalar farko ita ce kana buƙatar manhajar sa-kai kafin ka iya ɗora manhajar sa-kai. Hanya mafi sauƙi, musamman ga wanda idon na'urarsa ya mutu murus, ita ce aron kati. Sami wanda yake da FMCB, mai gidan gem ko mai gyara, ka soka katinsa a rami na ɗaya, naka a rami na biyu, filash mai ɗauke da manhajar ɗorawa a ramin USB. Minti goma sun isa, ka mayar masa da kayansa ka yi godiya.

Idan idon yana ɗan gani, akwai FreeDVDBoot, wadda wani mai binciken tsaron kwamfuta da ake kira CTurt ya fitar a 2020. Ya gano kuskure ne a manhajar kallon DVD ta na'urar, ta yadda faifan da ta ɗauka fim ne zai buɗe mata wata manhaja daban. Kunna PS2 babu faifai, danna alwatika a allon farko, za ka ga lambar DVD Player. Idan 3.10 ce ko 3.11, kamar yadda sirara suke, ka dace. Sauke hoton faifan da ya dace da lambar, ƙona shi a DVD-R mai kyau da ƙaramin gudu, mayar da harshen na'urar Turanci, sannan ka saka. Masu kauri sun fi wuyar sha'ani a nan, domin lambobinsu sun bambanta kuma ba duka aka yi wa ba.

Da yawa daga cikin na'urorin da ke yawo a kasuwanninmu an riga an saka musu cip, wanda ke sa su karanta faifan kwafi, tun shekarun baya. Mai irin wannan zai iya ƙona manhajar a faifai kawai ta tashi. Sai dai wasu cip ɗin ba sa shiri da FMCB 1.966, wadda ita ce ta ƙarshe daga hannun SP193, mutumin da ya daɗe yana kula da ita. Masu harkar sukan ce a koma wa 1.953 idan aka ga baƙin allo.

Ko ta wace hanya ka bi, inda za ka sauka ɗaya ne: wLaunchELF, ko tsohuwarta uLaunchELF. Allo ne mara ado mai jerin rubutu, aikinsa nuna fayiloli da kwafe su da kunna su. Manhajojin PS2 duk da .ELF sunansu yake ƙarewa. A nan mc0 shi ne katin rami na ɗaya, mc1 na biyu, mass shi ne filash, hdd0 rumbun ciki. Ka lura da maɓallai, don bisa al'adar Japan aka tsara su: da'ira ce ke shiga, ba kuros ba. Kuros alama yake sa wa fayil, R1 kuma ya buɗe jerin kwafi da liƙawa da gogewa. Sabon shiga yakan yi ta danna kuros yana cewa abin ya daskare.

Ɗora FMCB

Shiga mass, buɗe jakar manhajar ɗorawa da ka kwafo, kunna FMCBInstaller. Jakar nan a kwafe ta gaba ɗaya yadda ta zo, kada a tsame fayil ɗaya a bar sauran. Idan akwai ajiyar wasa a katinka da kake ji da ita, kwashe ta zuwa filash tun kafin nan. Da L1 da R1 ake sauya shafi a manhajar ɗorawar. Akwai shafin da ke goge kati, kuma tsohon kati ya fi kyau a goge shi a fara da tsabta.

Zaɓi Install, nuna ramin da katinka yake, sai ta tambaye ka iri. Normal na wannan na'urar ce da ire-irenta. Cross-Model ya haɗa duk na'urorin yanki ɗaya. Cross-Region zai tashi a 'yar Japan da 'yar Amurka da 'yar Turai. A kasuwar da kayanta daga ko'ina suke zuwa, na ƙarshen nan nake zaɓa, ɗan wurin da zai ƙara ci bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma Multi-Install, wanda ke sarƙa fayiloli a cikin katin don tsimin wuri; a bar shi, domin cire shi sai da hanyarsa ta musamman, in aka goge da hannu katin ya rikice.

Rubutun ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, amma a cikinsu ne bai kamata wuta ta ɗauke ba. Kada ka yi shi lokacin da ake wasa da wuta, ko a kan janaretan da mai ya kusa ƙare masa. In ta ɗauke a tsakiya na'urar ba za ta lalace ba, katin ne zai buƙaci gogewa a sake daga farko, kuma in katin aro ka riga ka mayar, sai ka sake komawa roƙo.

Kashe, zare katin aro ko faifai, mayar da naka rami na ɗaya, kunna. Tambarin Free McBoot zai bayyana, kuma a ƙasan Browser da System Configuration za ka ga sababbin layuka. Ta Free McBoot Configurator ake ƙara wasu, ana kuma iya ɗaure manhaja da maɓalli, ta yadda in ka riƙe shi yayin kunnawa za ta wuce can kai tsaye.

OPL da tambayar inda wasa zai zauna

Open PS2 Loader, wato OPL, ita ce dalilin da ya sa mafi yawan mutane ke yin duk wannan. Kwafi OPL ɗin zuwa kati, kunna ta, shiga Settings ka sa hanyar da za ka yi amfani da ita a kan Auto, ka adana. A filash za ta buɗe jakunkuna da kanta. Hoton wasan da asalinsa DVD ne ya shiga jakar DVD, wanda asalinsa CD ne, masu shuɗin bayan nan, ya shiga jakar CD. Hoton faifai kuwa a kwamfuta ake cire shi da manhaja irin ImgBurn. Manhajojin nan halal ne a sauke, masu su ne suka bayar; wasannin kuwa haƙƙin kamfanoninsu ne, abin da ya dace shi ne mutum ya kwafi faifan da ya mallaka.

Filash shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi rauni. Ramin USB na PS2 tsohon 1.1 ne, iyakarsa megabit 12 a daƙiƙa, ƙasa da gudun idon na'urar kansa. Tura babban wasa ta nan kamar ɗura ganga ne da mazurarin kwalba: zai shiga, amma sai ka yi haƙuri. Wasan ƙwallo da na faɗa suna tafiya daidai in sun gama lodi, shi ya sa gidajen gem ba sa kuka. Wasanni masu dogon bidiyo a ciki kuwa za ka ji murya tana sarƙewa, hoto yana tsalle. Sayen filash mai tsada ba zai gyara wannan ba. Ga kuma FAT32 da ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. Wanda ya wuce haka sai a yanka shi da USBUtil, ko a nemi OPL ta jerin 1.2 wadda ta san exFAT. Idan wasa ya tsaya a allo mai launi ɗaya, sau da yawa fayil ɗin ne ya warwatse a filash saboda yawan gogewa da sakawa. Kwashe komai zuwa kwamfuta, goge filash ɗin, mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Mai na'ura mai kauri ta jerin 30000 ko 50000 shi ne ya more. A bayanta akwai murfi, in ka cire za ka ga ɗakin rumbun ajiya. Da Network Adaptor ake haɗa shi. Na Sony na asali tsohon rumbu mai haƙoran IDE yake karɓa, amma akwai allon da ake sauya masa ya karɓi SATA. Ta nan wasa ya fi faifai saurin lodi, ba sarƙewa, ba ƙugi. In da zan ba mai buɗe gidan gem shawara, mai kauri da rumbu zan ce ya nema, ya riƙa busa mata ƙura daga fanka musamman lokacin hunturu.

Sirara ba su da wannan ɗaki, amma suna da ramin wayar sadarwa a jiki. Ana ajiye wasanni a kwamfuta, a raba jakar, a ja waya zuwa PS2, OPL ta ɗauko daga can da gudu mai kyau. Abin da ke kayar da mutane shi ne OPL tsohon tsarin SMB na ɗaya take ji, Windows 10 da 11 kuma a kashe suke barinsa, sai an shiga an kunna. Akwai kuma MX4SIO, ɗan adafta mai siffar kati da ake saka wa katin SD a soka a rami na biyu. Ya fi USB sauri, ba ya kuma buƙatar kwamfuta a kunne.

Abu biyu za su sauƙaƙa maka rayuwa a OPL. Na farko VMC, katin ajiya na boge da take ƙirƙira a filash ko rumbu, don kada ajiyar wasanni ta cinye katin FMCB. Na biyu, in kana cikin wasa ka haɗa L1, L2, R1, R2, Start da Select, za ta fito da kai ba sai ka tashi ka taɓa na'ura ba. Wasan da ya ƙi tashi kuma a gwada masa Mode ɗaya bayan ɗaya a saitinsa, kada a kunna su duka lokaci guda.

Sauran manhajojin duk hanyarsu ɗaya: kwafi ELF, kunna. SMS tana kunna MP3 da finafinan DivX da Xvid, amma ba ta iya bidiyon wayoyin yanzu sai an sauya masa tsari. RetroArch tana tafiyar da wasannin NES da Mega Drive da kyau, na Super Nintendo kuwa wasu suna jan ƙafa. POPStarter ta wasannin PlayStation ta farko ce.

To, Linux fa?

Wannan ba 'yan sa-kai ne suka fara shi ba, Sony ne da kansa. A 2002 ya sayar da ƙunshin Linux na PS2 a Amurka da Turai, bayan an gwada shi a Japan: rumbu mai gigabait 40, Network Adaptor, allon rubutu da linzami na USB, wayar haɗawa da allon kwamfuta, da faifai biyu. An gina shi a kan wani Linux na Japan mai suna Kondara. A 2003 cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois ta haɗa PS2 kusan 70 wuri ɗaya don gwada lissafin kimiyya da su. PlayStation 3 ma ta zo da damar OtherOS a 2006, har dakarun saman Amurka suka jera guda 1,760 a 2010 suka yi babbar kwamfutar da suka kira Condor. A watan Afrilun 2010 ne Sony ya cire damar da sabuntawa ta 3.21, masu na'urori suka kai shi kotu. PS2 ba ta da wannan fargaba, ba wanda zai aiko mata da sabuntawa ta intanet ya ƙwace abin da ke kan katinka.

Yau ba sai da faifan Sony ba. Akwai manhaja mai suna kernelloader, ita ma ELF ce. Ka sa ta a filash tare da ƙwayar Linux, wato kernel, da aka haɗa don PS2 da fayil ɗin initrd da ya zo da ita, ka jona allon rubutu na USB, ka kunna ta daga wLaunchELF. A jerin da za ta nuna ka zaɓi ƙwayar, ka zaɓi initrd, ka daidaita hoto da talabijin ɗinka, PAL ko NTSC, sannan ka tayar. Rubutu zai yi ta gangarowa, daga ƙarshe ta tsaya tana jiran umarninka. Idan a rumbun ciki za ka girka shi, keɓe masa rumbu daban, kada kuskuren rabo ya tafi da wasanninka.

Amma kada wani ya ruɗe ka cewa ka sami kwamfutar aiki. Ƙwaƙwalwar PS2 megabait 32 ce, injinta Emotion Engine bai kai megahaz 300 ba. Shafin intanet ɗaya na yau ya fi ƙarfinta, wayar hannu mafi arha a kasuwa ta ninka ta nesa ba kusa ba. Amfanin Linux a nan na koyo ne: ɗalibi ya ga yadda babbar manhaja ke tashi daga tushe, ya saba da rubuta umarni, ya haɗa ƙaramin shiri da harshen C a kan injin da ba irin na kwamfutar makaranta ba. A talabijin ta wayar nan mai kai uku ƙananan haruffa suna wahalar karantuwa, wayar component ta fi.

Wanda burinsa ya ga abin da ya rubuta da hannunsa yana motsi a talabijin, ba ma sai ya bi ta Linux ba. Kayan aikin ps2dev da PS2SDK kyauta ne, a kwamfuta ake girka su. Ka rubuta shirinka, ka haɗa shi ya zama ELF, ka gwada a PCSX2, manhajar da ke kwaikwayon PS2 a kwamfuta, in ya yi ka kwafa a filash ka kai wa na'urar. Wanda C ya yi wa nauyi zai iya farawa da Enceladus mai amfani da harshen Lua, ko AthenaEnv mai JavaScript, inda da layuka kaɗan za ka zana hoto a allo ka sa shi ya bi maɓallan hannu.

Da zarar komai ya zauna, sayi kati na biyu ka ɗora masa FMCB tun na farkon yana da rai, ka ajiye shi a wuri daban. Kwafin jakar manhajar ɗorawa da OPL da saitinka kuma su zauna a kwamfuta, ba a filash ɗin wasa kaɗai ba.